Kada Ka Sayar Da PS2 Ɗinka Tukuna

Duk wanda ya shiga shagon gem ya ce wasan tseren mota yake nema, abu biyu za a nuna masa: ko Need for Speed, ko a ce ya shiga GTA ya ƙwace mota ya yi ta gudu. Idan ya ce a'a, shi na Japan yake so, irin wanda ake fafatawa da tsakar dare a kan gadar saman Tokiyo ko a gangaren dutse, sai mai shago ya ce, "Oga, ai yanzu ƙwallo ake yi." Ban ga laifinsa ba, abin da ake tambaya shi yake ɗorawa. Abin mamakin shi ne, ko kana da kuɗin PS5 a aljihu da data marar yankewa, ka shiga kantin Sony na intanet da kanka, irin wannan wasa da za ka tarar bai taka kara ya karya ba. Masu daɗin yawancinsu suna kan PS2, wanda ya fito a shekarar 2000, tun kafin a haifi da yawa daga cikinmu. Shi ya sa nake cewa wanda yake da shi a gida, ko da yana ƙarƙashin gado ya yi ƙura, kada ya yi gaggawar rabuwa da shi.

Na san wani zai ce ai Gran Turismo ma na Japan ne. Haka ne, tun 1997 ake yin sa, amma shi makarantar koyon tuƙi ne, har jarrabawar lasisi ake zaunawa a ciki kafin a bar ka ka shiga wasu gasanni. Wanda nake magana a kai a gem senta aka haife shi. Su ma Japanawa haka suke kiran wurin, gem senta, sai dai nasu ba talabijin da benci ba ne. Akwati ne babba mai kujera da sitiyari da giya da totur, ka jefa tsabar yen 100 ka zauna. Mai injin yana so ka ji daɗi cikin minti uku, sannan ko ka tashi wani ya zauna ko ka sake jefa kuɗi. Wannan lissafi na kasuwa shi ya haifar da salon: ba dogon bayani, cikin daƙiƙa goma ka gane yadda ake juya motar, amma ka yi wata shida ba ka ƙware ba. Motar kuma ba ta bin dokar kimiyya sau da ƙafa. A Ridge Racer, wanda Namco suka fitar a 1993, kana sakin totur a bakin kwana ka karya sitiyari ka sake takawa, sai motar ta juya gefe ta yi ta zamiya kamar an zuba mata miyar kuɓewa a ƙasa, kuma ba ta kifewa. Malamin fiziks zai ce ƙarya ne. Ƙarya ne mana, amma ƙaryar tana da ƙa'idarta, kuma koyon ƙa'idar shi ne wasan.

Shi tseren titi a Japan gida biyu ne. Akwai na babbar hanya. Tokiyo tana da hanyar sama da ake kira Shuto, wadda aka buɗe sashenta na farko a 1962 ana shirin gasar Olamfik ta 1964. A tsakiyarta akwai zobe mai suna C1, tsawonsa bai cika kilomita 15 ba, matsattse, ga rami ga kwana ga ginshiƙan gada a tsakiyar hanya. Ta bakin teku kuma akwai Wangan, miƙaƙƙiya ɗoɗar, inda ake gwada iyakar ƙarfin inji. A shekarun 1980 da 1990 samari masu gyaran mota sun mayar da waɗannan hanyoyi filin fafatawa bayan sawu ya ɗauke, da motocin da har yau ake begensu: Skyline GT-R, Supra, RX-7, Silvia, Fairlady Z. Kamfanonin Japan sun yi yarjejeniya tsakaninsu a lokacin cewa ba za su tallata mota da ƙarfin da ya wuce doki 280 ba, kuma motar da za a sayar a cikin ƙasar tana fitowa da takunkumin gudu a kilomita 180 a awa. To ka san hali in makanike da matashi suka haɗu: takunkumin ake fara cirewa.

Ɗaya gidan na dutse ne, abin da suke kira toge, kuma nan ne Initial D ya shigo, littafin zane na Shuichi Shigeno da aka fara bugawa a 1995 aka kammala a 2013. Jarumin, Takumi, ɗan mai awara ne. E, awara dai da ka sani, ta waken suya, wadda su suke kira tofu. Kullum da asuba yana kai awarar babansa wani otal a kan dutsen Akina cikin tsohuwar Toyota AE86, uban kuma ya ajiye masa kofin ruwa a motar ya ce kada ya zube, don in ruwan ya zube to awarar ma ta farfashe. Da haka yaro ya ƙware bai sani ba, har ya riƙa kunyata masu tsadaddun motoci a gangare. Akina sunan labari ne, amma dutsen na gaske ne a lardin Gunma, kuma Haruna ake ce masa. Wallahi sunansa ke nan, ba ni na raɗa masa ba.

Kamfanin da ya fi kowa iya babbar hanyar shi ne Genki, da jerin wasanninsa Shutokou Battle da aka fara tun 1994, wanda a Amurka ake sayarwa da sunan Tokyo Xtreme Racer. Zan ɗan tsaya a kan wanda ake kira Zero, na PS2, 2001, don a ganina har yau ba a yi tsarin tsere da ya fi nasa wayo ba. Babu layin farawa, babu layin ƙarewa, babu zagaye uku. Za ka fito daga gareji da dare ka hau hanya cikin sauran motocin jama'a kana tafiya abinka. Can sai ka hango wata mota da alamar ƙungiya a jikinta. Ka matsa ka haska mata fitila, kamar dai yadda direbobinmu suke yi in suna neman hanya. Shi ke nan an ƙulla. Sanduna biyu za su fito a saman allo, taka da tasa. Wanda yake baya tasa tana zuƙewa, kuma gwargwadon tazarar da aka ba shi gwargwadon saurin zuƙewarta. Ka goga bango ko ka daki motar bayin Allah, taka ta ragu. Wanda tasa ta ƙare ya faɗi. Fafatawa tana iya ƙarewa a daƙiƙa ashirin, tana iya kai ku minti biyar kuna musayar gaba, kuma idan hanya ta rabu ka bi dama shi ya bi hagu, an tashi canjaras.

Abokan hamayyar wajen 400 ne, kowa da laƙabinsa da ɗan taƙaitaccen tarihinsa. Sai ka gama da yaran ƙungiya kafin ogansu ya fito, kuma shi ba ka neman sa, shi zai zo ta bayanka ya haska maka fitila. Akwai kuma 'yan yawo marasa ƙungiya da ba sa kula ka sai ka cika wani sharaɗi, wani sai a wata rana, wani sai kana cikin wata irin mota. Sharaɗin nan ne ma ya jawo abin dariya a kashi na 3, na 2003, wanda ya ƙara hanyoyin Nagoya da Osaka. A bugun Amurka akwai direban da ba ya fitowa sai ka tara kuɗin wasa miliyan 100, alhali asusun ba ya wuce 99,999,990, saboda an rage lissafin kuɗin wajen mayar da shi daga na Japan aka manta da sharaɗin. Ma'ana ba mai iya kammala wasan gaba ɗaya sai da maguɗi. 'Yan kwamfuta sayans, ga misali kyauta na amfanin gwada manhaja kafin a miƙa ta.

Masoya Most Wanted na 2005, ban raina naku ba. Amma a Kanada aka yi shi, kuma fim ɗin 'yan sanda ne irin na Amurka, jiniya da karo da gudun tsira. Na Japan shiru gare shi. Kai ne da hanya da fitilun titi, sai wani a gabanka da ba ka taɓa ganin fuskarsa ba, bayan motarsa kawai ka sani.

Yanzu ka auna wannan tsari da zamanmu na hostel. Wuta tana zuwa ba sallama ta tafi ba sallama. Minti ashirin tsakanin lakca da firatikal ya isa ka fito gareji, ka kayar da mutum biyar, ka koma ka adana a memori. Ba ya tambayar ka intanet, ba ya cewa ka jira ya sauke wani abu. Ridge Racer na PlayStation na farko, wanda ya fito rana ɗaya da na'urar, 3 ga Disamba 1994, gaba ɗayansa yana shigewa ƙwaƙwalwarta mai megabait 2, har kana iya cire faifan ka sa na waƙa kana tuƙi kana ji. Gran Turismo 7 na 2022 kuwa ya haura gig 100, kuma yawancin abin da ke cikinsa ba ya buɗuwa sai da intanet, ko da kai kaɗai kake wasa. Mako biyu da fitowarsa kwamfutocin kamfanin suka tsaya fiye da awa 30, mutanen da suka biya kuɗinsu lakadan suka zauna suna kallon allo. Na Ubisoft ya fi muni: a ƙarshen Maris 2024 sun kashe The Crew ɗungurungum, wanda yake da faifansa a hannu ma sai dai ya yi madubi da shi. Faifan PS2 na 2001, in bai karce ba, yau ka sa shi yau zai tashi.

To me ya sa irin waɗannan wasanni suka yi wuya a sababbin na'urori? Ba fasaha ce ta gaza ba, wayar da ke hannunka ta fi injin gem senta na wancan lokacin ƙarfi. Masu su ne ba sa so su sake su. Sega sun fara Initial D Arcade Stage a 2002, suka kawo shi gida sau uku: Special Stage a PS2 a 2003, Street Stage a PSP a 2006, Extreme Stage a PS3 a 2008, kuma ba ko ɗaya da aka sayar a Turai ko Amurka. Daga nan shiru, alhali a gem senta an ci gaba da fitar da sababbi har zuwa Initial D The Arcade na 2021. Wangan Midnight Maximum Tune na Namco, wanda ake yi tun 2004 har ya kai kashi na 6, ba a taɓa sako shi a na'urar gida ba ko sau ɗaya. Wangan Midnight ɗin da za ka gani a PS2 na 2002 da PS3 na 2007 aikin Genki ne, wasa ne daban duk da labarin ɗaya ne. In ka ga yadda ake biya ba sai an yi maka bayani ba. Kati ake ba ka da ke riƙe motarka, kowane tsere ka jefa kuɗi, kowane tsere a ƙara wa injinka ɗan ƙarfi, kafin ka kai doki 800 da wani abu aljihunka ya ji a jikinsa. Mai rijiyar da ake layin sayen ruwa kullum ba zai so ya haƙa maka taka a gida ba. Abin takaicin, gem sentocin ma ja da baya suke yi a Japan ɗin. Sega da kansu sun sayar da mafi yawan harkar shagunansu ga kamfanin Genda a 2020 lokacin korona, suka sallama ragowar a 2022, aka sauke sunan Sega daga gine-ginen aka sa GiGO. Mu da ba mu da irin injin a kusa, ba a ma lissafa da mu.

Sai kuma lasisi, wanda a ganina shi ne babban makashin wasannin mota. Duk motar gaske da ka gani a gem, haya aka ɗauko sunanta da siffarta na wasu shekaru. Wa'adi ya cika, ko a sake biya ko a janye wasan daga kasuwa. Haka aka janye OutRun Online Arcade tsakanin 2010 da 2011 da yarjejeniyar Sega da Ferrari ta ƙare, haka aka janye Forza Horizon 4 a Disamba 2024. Kamfanonin mota kuma suna ƙyamar a haɗa sunansu da tseren da doka ta hana. Babu Honda ko ɗaya a Tokyo Xtreme Racer 3. Babu Toyota a Need for Speed Heat na 2019, har shafin reshensu na Ingila a Twitter ya ba wani amsa cewa ga motocinsu can a Gran Turismo da ba ya tallata tseren titi, kafin daga baya su goge maganar. Zero da dabara ya kauce wa wannan: motocinsa ba su da sunan kamfani, lambar ƙira kawai aka sa musu, amma duk wanda ya san mota yana gani ya san Skyline ce. Ridge Racer kuwa motocinsa na ƙirƙira ne, shi ya sa ya fi sauƙin tonowa. R4 na 1998 ya dawo kantin PlayStation a 2023, asalin na 1993 kuma kamfanin Hamster ya sako shi a PS5 da Switch 2 a 2025. Amma sabo mai lamba, tun Ridge Racer 7 na 2006 Namco ba su ƙara ba, kuma a nan ba su da uzurin lasisi.

Wani bincike da Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba sa kasuwa yanzu. Abin ya kai in kana son Daytona USA 2 na Sega a gida, sai ka sayi Like a Dragon Gaiden na 2023, wasan 'yan daba, ka taka da jarumin zuwa gem senta na cikin wasan ka zauna a injin, kuma ko a can an canza masa suna zuwa Sega Racing Classic 2, don sunan Daytona ma na wasu ne.

Wanda ya ƙuduri nema, suna ne zai fara ruɗa shi, don wasa ɗaya yana iya zama da suna uku. Na Dreamcast na 1999 a Japan Shutokou Battle ne, a Amurka Tokyo Xtreme Racer, a Turai Tokyo Highway Challenge. Na dutsen da Genki suka yi, Kaido Battle, a Amurka Tokyo Xtreme Racer Drift ne, kuma wanda Amurkawa suka sani da Drift 2 a Turai Kaido Racer 2 ake ce masa. Battle Gear 2 na Taito ya shiga Turai a matsayin Tokyo Road Race. Na Xbox 360 na 2006 an sa masa Import Tuner Challenge, sunan da ko kusa ba zai sa ka zaci ɗan gidan ba ne. Tunda kayan gwanjonmu daga ko'ina suke zuwa, ka riƙe duka sunayen a waya kafin ka shiga kasuwa, kuma ka ce mai shago ya buɗe maka jerin abin da ke kan kwamfutarsa ka duba da idonka. Yana iya kasancewa yana da shi bai san yana da shi ba.

PS2 an raba shi shiyya-shiyya, faifan Japan ba ya tashi a na'urar Turai sai an yi mata aiki. Namu na kasuwa da yawa an riga an yi musu, wasu da memori mai Free McBoot da ke buɗe OPL a ɗora wasa daga filash. A kula dai, bugun Turai an yi shi ne don talabijin mai sauya hoto sau 50 a daƙiƙa, na Japan da Amurka sau 60, kuma a wasan gudu ana jin bambancin a hannu. Tsohuwar talabijin da ba ta gane siginar Japan za ta nuna maka shi fari da baƙi, kar ka ce na'urar ce ta lalace. Ramin USB ɗinsa kuma tsohon yayi ne, a hankali yake ja, bidiyon buɗewa zai riƙa sarƙewa. PS3 ya fi sauƙin kai, faifansa ba ruwansa da shiyya, haka ma PSP, wato Extreme Stage da Wangan Midnight na 2007 za su tashi a kowane PS3. Rubutun Japananci ne, amma kyamarar waya tana fassara allo yanzu, bayan kwana biyu ma hannunka zai haddace inda ake dannawa. Akwai kuma Racing Lagoon na 1999 da Square masu Final Fantasy suka yi a kan titunan Yokohama, inda in ka ci mutum sai ka ciri wani sashe na motarsa ka ɗaura a taka. Bai taɓa fita Japan ba. Sai a 2021, bayan shekara 22, wasu masoyansa suka fassara shi zuwa Turanci kyauta. Su suka yi aikin, ba kamfanin ba.

Wannan ya kawo mu maganar da kowa yake kauce wa. Wanda ya taɓa Street Stage a cikinmu, da wuya in ba a waya ya taɓa shi ba, ta PPSSPP, masu laftof kuma suna yin na PS2 ta PCSX2. Manhajar kwaikwayon na'ura ita kanta ba kayan sata ba ce, Sony sun taɓa kai masu irinta kotu a Amurka, kotun ɗaukaka ƙara ta ba kamfanin Connectix gaskiya a 2000. Inda gizo yake saƙar shi ne fayil ɗin wasan. Ba zan ce maka ya halatta don kawai mai shi yana Tokiyo ba ya ganin ka ba, haƙƙi haƙƙi ne. Amma ni ina bambanta abu biyu. Wasan da mai shi yake sayarwa yau, wanda yake da hali ya saya, musamman na ƙananan kamfanonin da cinikin nan ne abincinsu. Wanda kuma mai shi ya janye daga kasuwa shekara da shekaru, ya ƙi sayarwa ya ƙi sakewa, ko ka nemo faifan gwanjo da tsada sisi ba ya shiga aljihunsa. Ba don masu kwafi da masu fassara ba, da yawa daga abin da na ambata a sama sai dai mu ji a labari. Wanda yake ganin ba haka ba, mujallar nan ta kowa ce, ya rubuto.

Ban ce babu sabo sam ba. A Janairu 2025 Genki suka dawo da Tokyo Xtreme Racer bayan fiye da shekara 18 ba a ga babban sabo ba, da fitilar nan da sandunan nan, suka fara sako shi a kwamfuta ta Steam, aka kammala shi a Satumba, aka kuma sanya farkon 2026 don fitowarsa a PS5. Karɓuwar da ya samu ta rushe hujjar masu cewa kasuwar ta mutu. Akwai Inertial Drift na 2020 da wani ƙaramin kamfani a Ailan ta Arewa ya yi, yana kan PS4 da Xbox One da Switch, sandar hagu ta fad tana juya mota ta dama tana zamiya. 'Yan Folan sun yi JDM: Japanese Drift Master, Microsoft ma sun sanar cewa Forza Horizon 6 a Japan zai gudana. Kowa ya gane ana son Japan ɗin. Amma duba kuɗin shiga: na'urar da ta fi kuɗin rajistar yawancinmu, da data, da katin da zai iya biya da dala. Kuma guda nawa ne? A PS2 kaɗai kana da Zero da 3 da Drift guda biyu da Special Stage da Wangan Midnight da Battle Gear da Ridge Racer V, har da Auto Modellista na Capcom mai kama da zanen katun.

Akwai ƙorafin da ba zan yi kamar ban ji ba. Wani malami ko uba zai ce, a ƙasar da samari suke wasan ganganci da mota ranar ɗaurin aure da ranar gama jarrabawa, wani lokaci har a rasa rai, kai kuma kana tallar tseren titi a mujallar ɗalibai? Ƙorafi ne mai nauyi. Kuma gaskiya ne wasannin nan suna ɓoye rabin labarin: a allo ka daki babbar mota a gudun 300 ka ci gaba abinka, a Wangan ta gaske an rasa rayuka. Japan ɗin ma ba ta ɗauki abin da wasa ba, a 2001 ta shigar da laifin tuƙin ganganci mai jawo rauni ko kisa cikin kundin hukunta laifuka. Keiichi Tsuchiya, wanda ake wa laƙabi da sarkin zamiya, wanda sunansa ke kan Shutokou Battle na farko, an taɓa dakatar da lasisinsa na tsere saboda bidiyon da ya ɗauka yana zamiya a hanyar dutse a 1987, kuma daga baya yana cikin waɗanda suka kafa gasar D1 a killataccen fili. Amma ban yarda fad ne yake sa yaro ya ɗauki makullin motar babansa ba. Masu juyi a bakin ɗaurin aure 'yan kallo suke nema, da wayoyi a sama ana ɗauka. Wanda ya kwana yana neman rage rabin daƙiƙa a gangaren Akina ya daki bango sau ɗari kafin ya samu, ya ga yadda ƙaramin kuskure yake ƙarewa, kuma ya san maɓallin sake farawa a fad yake, babu shi a kwalta.

Masu cewa hoton ya tsufa da gaskiyarsu. In ka haɗa PS2 da babbar talabijin ta zamani da wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya, sai ka ga kamar an shafa wa allon man shanu. Ƙaramar talabijin mai ƙeya ta fi dacewa da shi, irin wadda ake neman kai da ita a gidaje. Yawancin wasannin ma da dare ne, duhu yana rufa asiri.

Roƙona ga shugabannin ƙungiya, musamman daraktan wasanni: gasar ƙwallon gem ba mu ƙi ta ba, a ci gaba. Amma PS2 na gwanjo guda ɗaya da fad biyu da memori da talabijin mai ƙeya a ɗakin hutun ɗalibai ba za su girgiza asusun ƙungiya ba. Mu 'yan shekarar ƙarshe firojet ya riga ya cinye mu, na bayanmu ne za su mora. Zero da Ridge Racer V suna raba allo mutum biyu su kara. Special Stage ba shi da na mutum biyu, don haka sai a manna kwali a bango a ja layi: suna, sashe, lokaci. Kowa ya sauko Akina sau ɗaya ya rubuta nasa ya miƙa fad. A kuma sa doka tun farko cewa AE86 kowa zai hau, kada 'yan mekanikal su zo da Lancer Evolution su ce injiniyanci ne.